Darasi na 7: Abin da Ya Kai Turkiyya Afirka

Ƙasa ba ta zaɓen maƙwabtanta. Najeriya ba ta zaɓi Nijar ba, Nijar ba ta zaɓi Libiya ba. Iyaka ce ta haɗa su, dole su san yadda za su zauna da juna. Abokin nesa kuwa zaɓarsa ake yi. Idan kuka ga ƙasa ta tsallake teku da hamada ta je ta buɗe ofishin jakadanci a garin da ke nesa da ita da dubban kilomitoci, ta bi bayansa da jiragen sama da 'yan kasuwa da sojoji, to akwai abin da ta hango. A wannan darasi za mu bi sawun ƙasa guda, Turkiyya, mu ga yadda ta shigo Afirka daga 1998 zuwa yau, musamman yankuna biyu da manyan ƙasashe ke rububi a kansu: Kusurwar Afirka da Sahel. Turkiyya ba ita ce babba a wannan fage ba. Ba ta da kuɗin Sin, ba ta da rundunar Amurka. Wannan ne ma ya sa ta dace da nazari, domin mai ƙaramin jari ba ya zuba kuɗi inda bai yi lissafi ba.

Me ke sa wuri ya yi daraja?

Ku buɗe taswirar Afirka, ku sa yatsa a Bahar Maliya, ku gangaro kudu har inda tekun ya tsuke tsakanin Yaman da Jibuti. Wannan wurin shi ne mashigin Bab al-Mandab, faɗinsa kimanin kilomita 30 ne kacal. Jirgin ruwan da ya taso daga Indiya ko Sin zai tafi Turai ta mashigin Suwez, sai ya bi ta wannan ƙofa. A shekarun da hanyar take lafiya, kusan kashi 12 cikin 100 na cinikin duniya ta Suwez yake ratsawa. Da mayaƙan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin dakon kaya suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kusan kwana goma, kuɗin dako ya tashi. Shi ya sa Jibuti, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, take ɗauke da sansanonin sojan Faransa da Amurka da Japan da Italiya, Sin ma ta buɗe nata a 2017. Ba albarkatun Jibuti suka kawo su ba, wurin da Allah ya ajiye ta ne.

Darajar Sahel daban ce. A nan akwai yuraniyam na Arlit, da zinariyar Mali da Burkina Faso, da hanyar Agadas da ke kai mutane da kaya zuwa Libiya. Sannan akwai wani arziki da ba a haƙowa daga ƙasa: ƙuri'a. Ƙasashen Afirka 54 ne a Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mambobinta, kuma a babban zauren majalisar ƙuri'ar Gambiya daidai take da ta Amurka.

Tsohuwar hanya da ta toshe

Jami'an Turkiyya suna son tuna wa masu saurarensu cewa ba jiya suka san Afirka ba, kuma gaskiyarsu ce. Daular Usmaniyya ta Santambul (kada ku haɗa ta da ta Shehu Usmanu ta Sakkwato) ta riƙe Masar da Tarabulus da Tunis da Aljeriya ɗaruruwan shekaru. A shekarun 1570, Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakada zuwa fadar Sarki Murad na Uku, yana neman a kiyaye masa alhazansa da fatakensa a hanyar Fazzan. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta cewa rundunar Mai Idris tana da Turkawa masu harbi da bindiga. Ku lura da abin da ya haɗa su tun a wancan zamani: hanya, ciniki, makami.

Amma bayan kafa jamhuriya a 1923, Turkiyya ta juya fuskarta Turai. Ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1952. Lokacin da Aljeriya ke yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa, Turkiyya ba ta tsaya mata a Majalisar Ɗinkin Duniya ba, abin da ya sa Firaminista Turgut Özal ya nemi afuwa da ya ziyarci ƙasar a 1985. Saboda haka labarin tsohon zumunci gaskiya ne, amma zumuncin ya yi shekaru sama da saba'in yana barci, kuma ba kewar 'yan'uwa ce ta tashe shi ba.

Abin da ya tashe shi ya faru a Luksambag a watan Disamban 1997, inda shugabannin Tarayyar Turai suka jera ƙasashen da za a fara maganar shigarsu tarayyar, suka bar Turkiyya a waje. Shekarar da ta biyo baya, ma'aikatar harkokin waje a ƙarƙashin İsmail Cem ta fitar da shirin buɗe ƙofa ga Afirka. Shirin ya kwana a takarda, domin girgizar ƙasa ta 1999 da durƙushewar tattalin arziki na 2001 sun cinye kuɗin. Sai da jam'iyyar Recep Tayyip Erdoğan ta hau mulki a 2002 aka kakkaɓe shi. Aka ayyana 2005 a matsayin shekarar Afirka. A wannan shekarar Turkiyya ta samu kujerar 'yar kallo a Tarayyar Afirka, hukumarta ta ba da agaji mai suna TİKA ta buɗe ofishinta na farko na nahiyar a Addis Ababa. A watan Agustan 2008 aka yi taron ƙoli na farko na Turkiyya da Afirka a Santambul. Bayan wata biyu aka yi zaɓen kujerun wucin gadi na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Turkiyya ta samu ƙuri'a 151, kusan duka ƙasashen Afirka a cikinsu. Tazarar wata biyun nan ta isa ta koya muku rabin darasin yau.

Jakada, jirgi, ɗan kasuwa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafa Turkiyya ta fara. A 2002 ofisoshin jakadancinta a Afirka 12 ne. Zuwa 2023 sun kai 44. Na Yamai an buɗe shi a 2012, Erdoğan ya je birnin a Janairun 2013, ya zo Najeriya a 2016 da 2021. Inda jakada ya sauka, ba a daɗewa sai jirgin Turkish Airlines ya biyo baya. Gwamnati ce ke da kusan rabin kamfanin, kuma yau yana sauka a birane fiye da 50 na Afirka, ciki har da Abuja da Legas da Yamai da Injamena da Akara. Jirgin nan ba ƙaramin makami ba ne. Mutumin da a da sai ya bi ta Paris ko Landan kafin ya isa wata ƙasa, yanzu ta Santambul yake bi, yana iya kwana can, ya ga kasuwa, ya dawo da kaya.

'Yan kasuwar da suka cika jiragen ba manyan attajiran Santambul ba ne kawai. Akasarinsu masu matsakaitan masana'antu ne na biranen cikin ƙasa irin su Kayseri da Konya da Gaziantep, waɗanda kasuwar Turai ta yi musu tsauri, kuma su ne ƙashin bayan jam'iyya mai mulki. Kayansu kun san su: taliya, da kafet, da kujeru da gadaje na ɗakin amarya, da ƙofar ƙarfe da magina ke kira ƙofar Turkiyya. Mata 'yan kasuwa daga Kano da Yamai sun san unguwar Laleli ta Santambul, inda ake sarin tufafi. A sama da waɗannan akwai manyan 'yan kwangila. Kamfanin Summa ne ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai gabanin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Yapı Merkezi ya shimfiɗa layin dogo daga Dar es Salaam zuwa Morogoro a Tanzaniya. Tosyalı yana narka ƙarfe a kusa da Oran ta Aljeriya. Cinikin Turkiyya da Afirka ya tashi daga dala biliyan 5.4 a 2003 zuwa sama da biliyan 40 a 2022.

Kada adadin ya ruɗe ku. Babban kaso nasa da Afirka ta Arewa ake yi, wato Masar da Aljeriya da Maroko da Libiya. Kuma cinikin Sin da Afirka a 2023 ya kai dala biliyan 282, ninki bakwai ke nan.

Mogadishu

Idan akwai wuri guda da za a ga dukan tsarin a jere, Somaliya ce, don haka za mu ɗan daɗe a nan.

A 2011 yunwa ta afka wa kudancin ƙasar. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya nuna ta kashe mutum kusan 260,000, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A lokacin hukumomin agaji na duniya daga Nairobi suke gudanar da aikin Somaliya, don tsoron mayaƙan Al-Shabaab. Ranar 19 ga Agusta, cikin azumin Ramadan, Erdoğan ya sauka a Mogadishu da matarsa da ministocinsa, ya shiga sansanonin masu gudun yunwa. Kusan shekara ashirin rabon da wani shugaba daga wajen Afirka ya taka birnin. Somaliyawa ba su manta ba, har wasu suka raɗa wa 'ya'yansu sunansa.

Ga abin da ya biyo baya. A Maris 2012 Turkish Airlines ya fara sauka a Mogadishu, lokacin da babu wani babban kamfani na wajen yankin da ke zuwa. A 2013 kamfanin Favori ya karɓi gudanar da filin jirgin saman birnin. A 2014 kamfanin Albayrak ya karɓi tashar jiragen ruwa. A 2015 aka buɗe tsohon asibitin Digfer da Turkiyya ta sake ginawa. A 2016 aka buɗe sabon ofishin jakadanci a bakin teku, wanda ya fi duk na Turkiyya girma a lokacin. A Satumban 2017 aka buɗe sansanin TURKSOM, inda hafsoshin Turkiyya ke horar da sojojin Somaliya. Shekara shida ke nan tsakanin buhun abinci da barikin soja.

Masu sukar Turkiyya sukan ce agajin tarko ne tun farko. Wannan hukunci ya yi tsauri, kuma bai dace da abin da ya faru ba. Likitoci da injiniyoyin Turkiyya sun zauna a birnin da wasu suka guje wa, an kai wa ma'aikatan jakadancinsu harin bam a 2013, wasu Turkawa sun rasa rayukansu a can. Asibitin yana aiki, titunan da suka gina ana binsu. Amma wanda ya ce tausayi ne zalla shi ma bai duba da kyau ba. Filin jirgi da tashar ruwa su ne manyan hanyoyin da gwamnatin Somaliya ke samun kuɗin shiga, kuma dukansu biyu suna hannun kamfanonin ƙasa guda. Gaɓar tekun Somaliya ta haura kilomita 3,000, ta fi ta kowace ƙasa tsawo a doron nahiyar, tana kallon hanyar da jiragen Bab al-Mandab ke bi. Tausayi da moriya sun tafi tare, kuma haka harkar ƙasashe take a ko'ina. Tambayar da ta dace ita ce nawa kowane ɓangare ya samu.

Shekarar 2024 ta fito da tambayar fili. Ranar 1 ga Janairu, Habasha, wadda ba ta da teku, ta sa hannu a takardar fahimtar juna da yankin Somaliland mai ikirarin cin gashin kai, don ta samu hanyar fita zuwa teku. Mogadishu ta ɗauki wannan a matsayin yunƙurin yanke mata ƙasa. A Fabrairu ta ƙulla yarjejeniyar tsaro ta shekara goma da Turkiyya don kare ruwanta, a Maris aka ƙara da ta neman mai da iskar gas, a Oktoba jirgin binciken Turkiyya mai suna Oruç Reis ya isa gaɓar Somaliya. Da aka miƙa takardar man ga majalisar dokokin Turkiyya a 2025, sai aka ga ta ba ɓangaren Turkiyya damar ɗaukar har kashi 90 cikin 100 na abin da aka haƙo kowace shekara, har sai ya mayar da kuɗin da ya kashe. Mayar da kuɗin bincike kafin rabon riba al'ada ce a harkar mai, domin mai haƙa rijiya a teku yana iya asarar dukan jarinsa. Girman kason ne ya tayar da ƙura a Somaliya. Wanda ya zauna teburin ciniki yana cikin tsoro, ba ya tsayawa taya farashi.

Duk da haka Turkiyya ba ta ɓata da Habasha ba, inda take da jari mai yawa a masaƙu. A Disamban 2024 ta zaunar da Firaminista Abiy Ahmed na Habasha da Shugaba Hassan Sheikh Mohamud na Somaliya a Ankara, suka amince su warware rikicin ta hanyar tattaunawa. Ƙasar da a 2010 ba ta da ofishin jakadanci a Mogadishu, ita ce ta zama mai sasanci a Kusurwar Afirka.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara haka ba. A Disamban 2017 Shugaba Umar al-Bashir na Sudan ya amince Turkiyya ta gyara tsibirin Sawakin, tsohuwar tashar da alhazan ƙasar Hausa da Borno masu tafiyar ƙasa ke tsallakawa Jidda daga cikinta. Masar da Saudiyya suka tsargu, suna ganin sansanin sojan ruwa ake shirin kafawa a gabansu. Da aka hamɓarar da al-Bashir a Afrilun 2019, maganar ta lafa. Da mutum ɗaya aka ƙulla, da shi ta tafi.

Sahel da jirage marasa matuƙa

A Sahel, makami ne ya buɗe ƙofar da ta fi faɗi. Jirgi maras matuƙi ƙirar Bayraktar TB2 ya yi suna a yaƙin Libiya da na Karabak a 2020. Ya fi na Amurka araha nesa ba kusa ba, kuma Ankara ba ta gindaya dogayen sharuɗɗa kafin ta sayar. Nijar ta yi odarsa a 2021 a zamanin Shugaba Mohamed Bazoum. Mali da Burkina Faso da Togo da Habasha duk sun saya. Najeriya ta ƙara da jirage masu saukar ungulu ƙirar T129. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sojojin Faransa suka fice a Disamba, na Amurka suka bar Agadas a 2024. Turkiyya ba ta yanke hulɗa ba. A Yulin 2024 ministan harkokin wajenta Hakan Fidan ya sauka a Yamai tare da ministan tsaro da na makamashi da shugaban hukumar leƙen asiri. Jerin mutanen da ke cikin tawaga yakan faɗi abin da sanarwar bayan taro ba ta faɗa ba. Turkiyya daga waje take sayo mafi yawan makamashinta, kuma tana gina tashar nukiliya ta farko a Akkuyu, Nijar kuwa tana da yuraniyam na Arlit.

Rashin sharuɗɗa yana da daɗi ga mai saye, amma akwai wanda ke biyan kuɗinsa. A Janairun 2022 wani harin sama ya kashe mutum fiye da 50 a sansanin 'yan gudun hijira na Dedebit a yankin Tigray na Habasha, kuma masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch sun ce ɓaraguzan bam ɗin irin wanda jiragen Turkiyya ke ɗauka ne. Wanda ya harba shi ne mai laifin farko. Sai dai mai sayarwar da bai tambayi inda za a harba ba, bai fita da hannu a wanke ba.

Ɓangarenmu na lissafi

Ku ɗauki riɗi. Turkiyya na cikin manyan masu sayensa a duniya, domin da shi suke yin alewarsu da burodinsu mai zobe, kuma Najeriya da Cadi da Sudan na cikin masu sayar mata. Manomin Jigawa ko Nasarawa yana sayar da shi ɗanye. Abin da ke dawowa ƙofa ce da aka riga aka ƙera, da taliyar da aka riga aka murza. Wannan tsari bai bambanta da wanda muka saba da Turai da Sin ba: ɗanyen kaya su fita, sarrafaffu su shigo, aikin yi ya zauna a can. Laifin ba na mai saye ba ne kaɗai. Sharuɗɗan kwangila, da adadin 'yan ƙasa da za a ɗauka aiki, da ko za a kafa masana'anta a gida, duk abubuwa ne da gwamnatocinmu ke da ikon tsayawa a kansu, kuma yawan masu neman Afirka a yau ya ƙara musu wannan iko idan sun so amfani da shi.

Wutar lantarki ta nuna wani gefen. Kamfanin Karpowership yana kawo jirgin ruwa mai injin wuta, ya tsaya a gaɓa, ya haɗa da layin ƙasa. Gana ta fara amfani da shi a 2015 lokacin da ɗaukewar wuta ta addabe ta, kuma ya taimaka ƙwarai. A 2023 kuwa kamfanin ya kashe wa Firitawun ta Saliyo wuta, ya kashe wa birnin Bisau, saboda bashin da gwamnatocin ba su biya ba. Kamfani ne, haƙƙinsa yake nema. Abin tambaya shi ne yadda ƙasa ta bari makunnin wutar babban birninta ya zauna a jirgin baƙo.

Haka kuma aboki yakan zo da rigimar gidansu. Shekaru da dama makarantun mabiya malamin nan Fethullah Gülen ne fuskar Turkiyya a Afirka, jami'an gwamnati na zuwa bukukuwansu. Bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016, wanda Ankara ta ɗora wa ƙungiyarsa alhaki, sai ta nemi a rufe su ko a miƙa su ga sabuwar gidauniyar gwamnati mai suna Maarif. Somaliya ta amsa nan take, Nijar ta miƙa nata. Najeriya ba ta rufe ba. Makarantun sun sauya suna, suka ci gaba da karatu. Buƙata ɗaya ce aka gabatar wa ƙasashe uku, kowace ta amsa gwargwadon yadda ta dogara da mai roƙon. A Maris 2023 kuma gidan watsa labaran gwamnatin Turkiyya ya buɗe TRT Afrika, da Hausa cikin harsunansa huɗu, don Ankara ta riƙa yi muku bayanin kanta da bakinta, kamar yadda Landan da Bon da Beijin suka daɗe suna yi.

Aiki

Ku kasu gida biyu. Rukunin farko su zama wakilan gwamnatin Somaliya a Maris 2024, na biyu su zama na Turkiyya. Kowane rukuni ya rubuta abu uku da ba zai sa hannu a yarjejeniyar mai ba sai an ba shi su, da abu ɗaya da zai iya haƙura da shi, sannan ku zauna ku yi cinikin a gaban aji.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya leƙa kasuwar garinsu ya samo kaya uku da aka yi a Turkiyya, ya tambayi mai shago ta wace tasha suka shigo da kuma ko ana yin irinsu a gida. Wanda ke noma ko sayar da riɗi ya zo mana da farashin buhu a bana da inda dillalai ke cewa ana kai shi.